Darasi na Tara: Gano Musabbabin Ƙugi da Hayaniya a Amfilifayar Jita Mai Bawul

Manufofin darasi

Ana sa ran bayan kammala wannan darasi mai koyo zai iya:

1. Bayyana manyan sassan amfilifaya mai bawul da aikin kowane sashe.
2. Bambance ƙugi da huci da sauran hayaniya ta hanyar saurare kawai.
3. Keɓe sashen da matsala take kafin ya taɓa dalma ko ya sayi wani kaya.
4. Kiyaye dokokin tsaron da suka shafi wuta mai ƙarfi da wayar ƙasa.

1. Sassan amfilifaya da dalilin da ya sa take jin hayaniya

Jitar lantarki ba ta da amo mai yawa a karan kanta. Abin da take fitarwa wata 'yar siginar wuta ce wadda da wuya ƙarfinta ya kai bolt 1, kuma aikin amfilifaya shi ne ta haɓaka wannan sigina har ta iya motsa sifika. A amfilifaya mai bawul, wasu kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu ne suke yin wannan aiki. John Ambrose Fleming ne ya ƙera bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest kuma ya ƙara masa raga a Amurka a 1906, abin da ya ba shi ikon haɓaka sigina. Bayan da aka ƙirƙiro tiransista a 1947 bawul ya yi ta ɓacewa daga rediyo da talabijin, amma makaɗa jita ba su rabu da shi ba saboda irin amon da yake bayarwa, shi ya sa har yau ake gyara, ake kuma kwaikwayon, tsofaffin ƙira irin su Fender Bassman da Vox AC30 da Marshall JTM45, wadda Jim Marshall ya fara sayarwa a Landan a 1962.

> Akwatin ma'ana
> Bawul: kwalbar gilashi marar iska mai ɗauke da katod da raga da faranti. Katod yana fitar da lantarki idan ya yi zafi, faranti yana janyo shi, raga kuma da ke tsakaninsu ita ce take ƙayyade yawan abin da zai wuce.
> Hita: siririn zaren da yake ɗumama katod, wanda galibi yake aiki da bolt 6.3.
> Shasi: farantin ƙarfen da aka ɗora dukkan kayan amfilifaya a kansa.

Sassa uku ne suka haɗu suka yi amfilifaya. Sashen farko shi ne yake karɓar siginar jita ya haɓaka ta, kuma yawanci ƙananan bawul-bawul irin 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83, su ne a cikinsa. Sashen ƙarfi yana ɗauke da manyan bawul-bawul irin 6L6 ko 6V6 ko EL34 ko EL84, waɗanda suke tura sigina zuwa sifika ta cikin taransifomar fita. Sashen wuta kuma shi ne yake karɓar wutar bango ya mayar da ita irin wadda bawul yake buƙata. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga nan shi ne bawul ba ya bambance amon jita da hayaniya, duk abin da ya iso ragarsa haɓaka shi zai yi, don haka hayaniyar da ta shiga tun daga ƙofa, wato inda ake cusa wayar jita, ta fi wadda ta shiga kusa da sifika illa nesa ba kusa ba.

Misali na 1. Mataki ɗaya na 12AX7 a irin haɗin da aka saba yana ninka sigina kusan sau 60. Idan matakai biyu suna jere, ninkin zai zama 60 × 60, wato 3,600. Ke nan idan wata waya da aka bi da ita ta wurin da bai dace ba ta ɗauko ƙugi na kashi ɗaya cikin dubu na bolt ta kai shi ragar bawul na farko, zai fito daga mataki na biyu yana da bolt 3.6, in ba a lissafa abin da maɓallan daidaita amo suke ragewa ba. Da wannan ƙugin a ragar babban bawul ya shiga, da ƙyar kunne zai ji shi. Wannan ne dalilin da ya sa masu gyara suke fara zargin bawul na farko da wayoyin da suke kewaye da shi.

2. Tsaro kafin a buɗe komai

Wutar da take kan farantin manyan bawul-bawul takan kai bolt 300 zuwa 500, kuma ba ta gushewa da zarar an zare fulogi, domin kafasitocin sashen wuta suna iya riƙe ta na tsawon lokaci. Saboda haka ba a sa hannu a cikin shasi sai an zare fulogi, an sauke cajin kafasitoci ta cikin rizista, an kuma tabbatar da mita cewa abin da ya rage bai wuce 'yan bolt kaɗan ba. Haɗa kafasita da shasi kai tsaye da sukudireba, kamar yadda wasu suke yi don sauri, yana haifar da tartsatsi, yana kuma iya lalata kafasitar.

> Akwatin ma'ana
> Kafasita: kayan da yake tara caji ya riƙe shi, ya sake shi idan an buƙata. Ana auna girmanta da maikirofarad.
> Rizista: kayan da yake taƙaita gudun wuta. Ana auna ta da om.

Misali na 2. Lokacin da kafasita take ɗauka kafin ta sauke caji ya danganta da girmanta da na rizistar da aka haɗa mata. Kafasita mai maikirofarad 47 da rizista mai om 100,000 suna ba da daƙiƙa 4.7 idan aka ninka su, kuma sai an jira ninki biyar na wannan, wato kusan daƙiƙa 24, kafin caji ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Ko da an jira, awon mita ne abin dogaro, ba agogo ba.

Idan dole ne a yi gwaji amfilifaya tana kunne, ana aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu ko a baya, don kada wuta ta ratsa ƙirji, ana kuma taɓa kaya da tsinken katako ko na roba, ba da ƙarfe ko fensir mai bakin gawayi ba. Akwai wata doka da ta keɓanta da amfilifaya mai bawul: ba a kunna ta ba tare da sifika a haɗe ba, domin taransifomar fita da ba ta da inda za ta sauke ƙarfinta tana iya ƙonewa, kuma tana cikin kayan da suka fi tsada a na'urar. Mai koyon da bai taɓa aiki da wuta mai irin wannan ƙarfi ba ya tsaya ga gwaje-gwajen da ake yi daga waje, waɗanda su ne ma suke warware mafi yawan matsaloli, ya bar na ciki sai yana gaban malaminsa.

3. Abin da kunne yake iya ganowa

Wutar bango ba miƙaƙƙiya ba ce, kai-komo take yi. A Najeriya da Nijar da Ghana da ƙasashen Turai tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka da Kanada kuma sau 60. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai karanta littattafan gyara, domin yawancinsu a Amurka aka rubuta su, suna kuma maganar ƙugin 60 da na 120, alhali amfilifayar da aka jona a Kano ko Yamai ƙugin 50 da na 100 za ta yi, ko da a Kalifoniya aka ƙera ta.

> Akwatin ma'ana
> Yawan kaɗawa: adadin kai-komon da wuta ko amo yake yi a daƙiƙa ɗaya. Ma'auninsa haz ne, ana rubuta shi Hz.
> Ƙugi: amo mai kauri da ba ya yankewa, wanda asalinsa wutar bango ne.
> Huci: hayaniya mai laushi irin ta iskar da take fita ta ƙaramar kafa, wadda ba ta da takamaiman amo.

Ƙugi iri biyu ne, kuma bambance su shi ne rabin aikin. Na 50 Hz yana zuwa ne kai tsaye daga wutar bango, ta hanyar wayoyin hita ko maganaɗisun taransifoma ko matsalar wayar ƙasa. Na 100 Hz kuwa daga wutar da aka riga aka miƙe yake fitowa, domin na'urar da take miƙe wuta tana juyo rabin kai-komon da ya yi ƙasa ya koma sama, sai kowane kai-komo ɗaya ya zama tudu biyu. Idan ƙugin yana da kaushi da ƙarar zzz a samansa, alama ce ta cewa an ɗauko shi ne ta iska daga fitilu ko cajar waya ko wata na'ura mai yanka wuta da sauri.

Misali na 3. Jitar kanta tana iya zama ma'auni. Tsirkiya mafi kauri, idan an ɗaure ta daidai aka kaɗa ta a sake, tana ba da kusan 82 Hz, idan kuma aka danne ta a gaɓa ta uku tana ba da 98 Hz. Mai gyara da ya ji ƙugi sai ya danne gaɓa ta uku ya kaɗa. Idan amon biyu sun kusa zama ɗaya har suna ɗan karo da juna, ƙugin 100 Hz ne, a nufi sashen wuta. Idan ƙugin ya fi kowane amon jitar kauri, har ana jinsa a jiki fiye da a kunne, na 50 Hz ne. Sai dai ƙananan sifiku ba sa fitar da 50 Hz sosai, shi ya sa yake da kyau a tabbatar da manhajar auna amo ta wayar salula, wadda take nuna adadin a fili.

4. Keɓe wurin da hayaniya take shiga

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu amfilifaya shi ne sayen sababbin bawul-bawul gaba ɗaya da zarar an ji ƙugi. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma ƙugin ya ci gaba, domin ba a san inda yake ba tun farko. Hanyar da ta fi inganci ita ce a riƙa yanke hanyar sigina daga ƙofa zuwa sifika, mataki bayan mataki, ana sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, har a kai inda hayaniyar ta tsaya.

Gwaji na farko shi ne a zare wayar jita daga amfilifaya. Ramin da ake cusa wayar yana da wani ɗan harshen ƙarfe da yake haɗa ƙofar da shasi idan babu komai a ciki, don haka lafiyayyar amfilifaya shiru take yi a wannan hali. Idan ƙugi ya ɗauke, laifin na jita ne ko na wayarta ko na ɗakin, kuma babu dalilin buɗe shasi. Idan kuma amfilifaya tana ƙugi babu waya, amma ta yi shiru da aka cusa wayar jitar da aka rufe muryarta, to wannan harshen ne ya yi datti ko ya saki.

Gwaji na biyu maɓallin ƙara murya ne. Shi wannan maɓalli rizista ce da ake murɗawa, wadda galibi take zaune bayan mataki na farko, saboda haka ya raba amfilifaya gida biyu. Hayaniyar da take raguwa idan an rufe shi, kafinsa ta shiga. Wadda ba ta damu da shi ba, bayansa ta shiga, ko kuma daga sashen wuta take.

Gwaji na uku shi ne cire ƙananan bawul-bawul ɗaya bayan ɗaya, daga na kusa da ƙofa, ana kashe wuta a bar gilashi ya huce kafin kowace cirewa. Bawul ɗin da cire shi ya kawo shiru, shi ne mai laifi ko kayan da suke kewaye da shi ko wani abu da yake gabansa, kuma musanya shi da wani lafiyayye irinsa zai raba gardama. Idan an cire na ƙarshe a cikinsu, wanda yake raba sigina ga manyan bawul-bawul, amma ƙugi bai tafi ba, to matsalar tana sashen ƙarfi ko sashen wuta. Wannan gwaji bai dace da wasu tsofaffin ƙananan amfilifayoyi da aka jera hitocinsu a layi ɗaya ba, domin a cikinsu cire bawul ɗaya yana kashe sauran.

A ɓangaren jita kuwa, maɗaukin amo, wato naɗin siririyar waya a kan maganaɗisu da yake ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ne babbar ƙofar ƙugi. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster, yana ɗaukar maganaɗisun kowace taransifoma da take kusa, kuma ana gane haka idan ƙugin yana ƙaruwa ko raguwa yayin da makaɗi yake juyawa da jitar. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar ƙirar ce, kuma ita ce ta sa Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson maɗauki mai naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955, wanda ƙugin da naɗi ɗaya ya ɗauko ɗayan yake soke shi. Haka nan, raguwar ƙara idan makaɗi ya ɗora hannu a kan tsirkiyoyi abu ne da aka saba, domin an haɗa su da ƙasa ta wata waya a cikin jitar. Idan taɓa su bai sauya komai ba, wataƙila wannan wayar ta tsinke. Idan kuma makaɗi ya ji ɗan cizon wuta, a kashe komai nan take, domin magana ta tashi daga hayaniya ta koma ta rai.

5. Ƙugin 100 Hz da kafasitocin tace wuta

Na'urar miƙe wuta, ko bawul ce irin GZ34 da 5Y3 ko kuma dayod, ba ta ba da wuta mai santsi. Tudu-tudu take bayarwa, sai kafasitocin tacewa su cika a kan kowane tudu su riƙa sakin caji a cikin kwarin da yake biye, kamar yadda randa take riƙe ruwa tsakanin zuwan mai garuwa da dawowarsa. Ɗan hawa da saukar da ya rage bayan tacewa shi ake kira raurawa.

> Akwatin ma'ana
> Raurawa: ragowar kai-komon da yake kan miƙaƙƙiyar wuta bayan an tace ta.
> Tsarin tura-janye: haɗin manyan bawul-bawul biyu ko huɗu, inda sashe ɗaya yake turawa yayin da ɗayan yake janyewa, ta yadda ƙugin da ya zo musu tare yake soke kansa a taransifomar fita.

Waɗannan kafasitoci suna da wani ruwan sinadari a ciki wanda yake bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar, ga shi cikin akwatin amfilifaya mai bawul wuri ne mai zafi ko a ƙasar sanyi, balle a inda zafin bazara yake wuce digiri 40. Amfilifayar da ta shekara ashirin ko talatin da kafasitocinta na asali, su ne abin zargi na farko. Alamunsu sun haɗa da kumburi ko farin gari a bakin roba, da ƙugin da bai damu da maɓallin murya ba, da wani baƙon amo da yake bin sawun amon jita idan an kaɗa da ƙarfi.

Misali na 4. Ana ƙiyasta girman raurawa ta raba yawan wutar da ake ja da sakamakon ninka yawan kaɗawa da girman kafasita. Amfilifaya mai jan amfiya 0.1, da kafasita mai maikirofarad 40, a kan 100 Hz, lissafinta shi ne 0.1 ÷ (100 × 0.00004), wato kusan bolt 25. Idan kafasitar ta bushe ta koma maikirofarad 10, raurawar za ta kai kusan bolt 100. Wannan lissafi yana nuna wani abu kuma: kafasita ɗaya a kan 120 Hz za ta ba da kusan bolt 21 ne maimakon 25, ke nan amfilifayar da aka ƙera don wutar Amurka tana ɗan ƙara ƙugi a kan wutar 50 Hz ko da lafiyarta ƙalau.

Wajen sauyawa ana kiyaye abu uku: juriyar bolt ta sabuwar kafasita kada ta gaza ta tsohuwar, ƙafar tabbatacce da ta korau kada su juye domin kafasitar da aka juya tana iya fashewa, girmanta kuma kada ya zarce abin da bawul mai miƙe wuta zai iya ɗauka. Ƙara girman kafasitar farko fiye da kima don a kashe ƙugi dabara ce da take gajarta ran wannan bawul. Ya kamata kuma a san cewa ƙananan amfilifayoyi masu babban bawul ɗaya, irin Fender Champ, ba su da tsarin tura-janye, don haka ɗan ƙugi a cikinsu ba aibi ba ne. A masu tsarin kuma, idan bawul ɗaya ya fi ɗan'uwansa jan wuta sokewar ba ta cika, shi ya sa ake sayar da manyan bawul-bawul bibbiyu waɗanda aka auna suka yi daidai.

6. Ƙugin 50 Hz daga cikin amfilifaya

Wayoyin hita suna ɗauke da wuta mai kai-komo, suna kuma ratsa kusa da kowane bawul. Don rage illarsu ake murɗa su biyu tare, a kwantar da su jikin shasi nesa da wayoyin raga, a kuma haɗa tsakiyar wutarsu da ƙasa, ko ta wayar tsakiya daga taransifoma ko ta rizistoci biyu masu om 100 kowace. Idan babban bawul ya lalace ya haɗa wuta mai ƙarfi da hita, waɗannan rizistoci ne suke fara ƙonewa, kuma sau da yawa ana sauya bawul ɗin a manta da su, sai amfilifaya ta dawo aiki da ƙugin da ba ta da shi a da. Wasu ƙira suna da maɓallin daidaita ƙugi a bayan shasi a madadin rizistocin, wanda ake murɗawa a hankali har a sami wurin da ya fi shiru. Tsohon bawul ma yana iya yoyon wuta daga hita zuwa katod, kuma musanya shi ne kawai yake tabbatar da haka.

Wata kafa da ake yawan mantawa da ita ita ce wutar bayas, wato 'yar wutar korau da ake ba ragar manyan bawul-bawul don ƙayyade abin da suke ja. Da dayod ɗaya ake miƙe ta a yawancin ƙira, saboda haka raurawarta 50 Hz ce, ba 100 ba, kuma idan kafasitarta ta mutu ƙugin yana shiga ragar kai tsaye. Idan bayas ta ɗauke gaba ɗaya, farantin bawul zai yi ja kamar garwashi, ƙugi ya yi ta ƙaruwa, kuma a nan kashe wuta ake yi ba tare da jira ba.

Akwai kuma ƙugin da bai bi ta bawul ba sam. Idan ana jinsa daga sifika tun daƙiƙar da aka kunna, kafin hita ta yi zafi, maganaɗisun taransifomar wuta ne yake ratsa taransifomar fita. Idan kuma daga jikin akwatin yake fitowa ba daga sifika ba, ƙarafan taransifomar ne suke rawa, wani lokaci ɗaure kusoshi kawai yake buƙata. Amfilifayar da aka ƙera don bolt 120 da 60 Hz ta fi fuskantar wannan, domin taransifomar rage wuta da ake jona mata tana sauya bolt ne kawai, ba ta sauya yawan kaɗawa, ƙarfen taransifomarta kuma yana ɗaukar maganaɗisu da ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari a kan 50 Hz, sai ta ƙara zafi da ƙugi.

7. Wayar ƙasa

> Akwatin ma'ana
> Wayar ƙasa: waya ta uku a fulogi, wadda take haɗa shasi da ƙasa don wutar da ta kauce ta bi ta nan maimakon jikin mutum.
> Zoben ƙasa: halin da na'urori biyu suke haɗe da ƙasa ta hanyoyi biyu, ta soket da kuma ta garkuwar wayar sigina, har 'yar wuta ta riƙa zagayawa tana haifar da ƙugi.

Zoben ƙasa yana bayyana ne idan aka haɗa amfilifaya da wata na'ura mai nata fulogi, kamar amfilifaya ta biyu ko na'urar haɗa sauti ko kwamfuta, kuma ana gane shi da cewa kowace na'ura shiru take yi ita kaɗai. Maganinsa shi ne a jona su duka a soket ɗaya, ko a sa ƙaramar taransifomar raba sigina a tsakaninsu. Karya ƙafar ƙasa ta fulogi ma yana kashe ƙugin, shi ya sa dabarar ta yaɗu, amma babu wani ƙugi da ya cancanci haka, domin tsirkiyoyin jita haɗe suke da shasi, makaɗi kuma yana riƙe da su da hannu mai gumi. Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972 lokacin da ya taɓa makirufo mai ɗauke da wuta, Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds kuma wuta ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Tsofaffin amfilifayoyin Amurka masu fulogi mai ƙafa biyu suna da wata kafasita da take haɗa wutar bango da shasi, kuma aikin farko a kansu shi ne a cire ta a sa waya mai ƙafa uku.

Wannan batu ya shafi duk inda ake kiɗan jita da janareta, kamar yadda ake yi a bukukuwan Agadas da sauran garuruwa. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti yake ba da 50 Hz, don haka idan amon ƙugi yana hawa da sauka tare da kukan injin, daga wutar yake, ba daga amfilifaya ba. Irin wannan janareta galibi ba a haɗa shi da ƙasa, inbata mai arha kuma wuta mai kusurwa take bayarwa wadda take cika sifika da ƙara mai kaushi. Kafin a yanke wa amfilifaya hukunci, a gwada ta a wani gini mai ingantacciyar wayar ƙasa, fitilu da cajoji suna kashe.

8. Huci da sauran hayaniya

Huci kaɗan ba ya rabuwa da kowace amfilifaya, domin zafi kansa yana motsa lantarki a cikin rizista, kamar yadda John B. Johnson da Harry Nyquist suka bayyana a 1928, kuma amfilifaya mai yawan matakai ta fi yin sa. Abin da ake gyarawa shi ne hucin da ya ƙaru fiye da yadda aka saba, musamman idan yana tare da ƙaras-ƙaras. Tsofaffin rizistocin gawayi masu om 100,000 da suke kan farantin ƙananan bawul-bawul sun yi suna wajen wannan, domin suna shan laima. Ƙaras-ƙaras da yake zuwa idan an murɗa maɓalli ƙura ce, abin da ba ya wuya a lokacin hunturu, kuma maganin fesawa na wanke mahaɗar lantarki yana isa. Idan ya dawo bayan wankewa, wata kafasita ce take yoyon miƙaƙƙiyar wuta zuwa maɓallin. Wanda yake zuwa idan an girgiza akwati kuwa, daga sakakkiyar dalma yake ko ƙafafun bawul da suka yi datti.

Bawul ɗin da kayan cikinsa suka saki yana mayar da girgiza ta zama amo. Ana gane shi ta ƙwanƙwasa gilashin a hankali da tsinken katako: kowane bawul na farko yana ɗan amsawa, amma mai laifin ƙara yake yi kamar ƙararrawa, ko ya ɓarke da fito. Bugun fat-fat-fat a hankali alama ce ta raunin kafasitocin da suke raba wutar matakai. Fito mai tsanani da ya fara bayan an sauya taransifomar fita kuma yana nufin an juya wayoyinta biyu na faranti, musanya su ne gyaran.

Tambayoyin bita

1. Kawo sassa uku na amfilifaya mai bawul, ka bayyana aikin kowanne.
2. Me ya sa ƙugin da ya shiga ragar bawul na farko ya fi wanda ya shiga sashen ƙarfi illa? Kafa hujja da lissafi.
3. Wace hanya makaɗi zai bi da jitarsa ya bambance ƙugin 50 Hz da na 100 Hz?
4. Amfilifaya tana jan amfiya 0.15, kafasitarta ta farko maikirofarad 50 ce, wutar bango kuma 50 Hz. Ƙiyasta raurawarta.
5. Daƙiƙa nawa ya kamata a jira idan ana sauke kafasita mai maikirofarad 100 ta rizista mai om 47,000, kuma me za a yi bayan jiran?
6. An sauya babban bawul da ya ƙone, amfilifaya ta dawo aiki amma da sabon ƙugin 50 Hz. Waɗanne kaya ya kamata a auna, kuma don me?
7. Bayyana zoben ƙasa, ka kawo hanyoyi biyu na magance shi da ba su taɓa wayar ƙasa ba.
8. An kawo amfilifaya mai ƙugi ko babu waya a ƙofarta, rufe maɓallin murya bai rage shi ba, cire dukkan ƙananan bawul-bawul ma bai rage shi ba, amonsa kuma ya yi kusa da na gaɓa ta uku a tsirkiya mafi kauri. Rubuta matakan da za ka bi, daga zare fulogi har zuwa gwajin ƙarshe, ka nuna wa malaminka kafin ka buɗe shasi.